Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ni, Lahsen ɗan Bihi Amzil, mai shekara hamsin da tara, haifaffen ƙasar Sus, mazaunin Saint-Genis shekara talatin da ɗaya, nake rubuta wannan da hannuna. Babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Madam Chappuis, malamar ajinmu na yaƙi da jahilci na manya da ake yi ranar Asabar, ta ce mutum ya riƙa rubuta abin da ya same shi domin hannu ya saba. Wata goma sha tara ke nan da na shiga ajin, kuma ni ne na farko da ya gama littafi na uku. Ban faɗi wannan don alfahari ba. Na faɗa ne don ya zauna a rubuce.

Sana'ata jan waya. A ƙarƙashin garin nan, zurfin mita ɗari, inda ake gwara ƙananan ƙwayoyin halitta da juna a cikin babban zobe, akwai na'urar da mu ma'aikata muke kira Ido. Duk abin da Ido ya gani, ta waya yake hawowa sama wurin masana, kuma mafi yawan wayoyin ɓangarensa na yamma ni na ja su. Saboda haka idan masana sun ga wani abu, ta hannuna ya bi kafin ya iso gare su.

Yau Musye Vuillet, shugaban kamfanin kwangilar da nake yi wa aiki, ya miƙo mini wata takarda. Ban sa hannu ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Ya kamata in tsara maganar daga farko, kamar yadda aka koya mana.

Ƙwayoyin da masana suka sani goma sha bakwai ne. Jadawalinsu yana jikin bangon ɗakin cin abinci, yana jikin kofunan shayi, har a rigunan ɗalibai. Sun ce jadawalin bai cika ba, kuma tun zuwana nan suke neman ta goma sha takwas. A watan Satumba, Dakta Ottavia Lanzi ta ga wani ɗan tudu ya taso a zanen lissafinta, a inda ya kamata layi ya kwanta shimfiɗe. Aka yi ta raɗe-raɗi cewa ƙwaya ta goma sha takwas ɗin ce. Dakta ta kawo kek har ɗakin aikinmu, ta yanka mini da hannunta.

Yanzu kuma sun ce duk abin da ya tara tudun daga kusurwa ɗaya yake fitowa, sashe na tara, wanda aka cire wayoyinsa aka mayar a watan Fabrairu. Ni da Amandio, abokin aikina mutumin Fotugal, muka mayar da su. Ba a iya sauka a duba sai an kashe zoben, ranar ashirin da biyar ga wata.

Musye Vuillet ba ya so ya jira ranar. Ya ce, “Sa hannu kawai, Lahsen, kamar kullum. Nan, inda na yi maka alama.”

Na ce, “Zan karanta tukuna.”

Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake. Na ɗauko tabarau. Minti goma sha ɗaya na yi, yana ƙwanƙwasa tebur da biro. A layi na shida an rubuta cewa ma'aikacin, saboda rashin iya karatu, ya rikita lambobin damin waya guda biyu.

Ya ce, “Ba wanda zai taɓa ka. A mayar da kai sito a sama, ka ci gaba da riƙe katinka na shiga wurin aiki har ka yi ritaya. Shekara biyu fa suka rage maka. In ka ƙi kuwa, ba ni da yadda zan kare ka.”

Na ce, “Musye Vuillet, wanda bai iya karatu ba, yaya aka yi ya ga layi na shida?”

Ya ce in je in yi tunani. Na kuma sanar da shi cewa daga yau sunana Musye Amzil.

Laraba, 6 ga Nuwamba, hutun rana

Ban sa hannu ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Amandio ya zauna kusa da ni a ɗakin aiki da kwanon kifinsa mai gishiri, wanda warinsa ke korar kowa sai ni.

Ya ce, “To, Farfesa, an ce ka koma lauya.”

Na ce ba lauya na koma ba, mutum na koma mai karanta abin da zai sa wa hannu.

“Kai, tsoho, rufa mana asiri. Ni na iya karatu tun ina shekara bakwai, me ya tsinana mini? Ga ni nan ina jan waya kusa da kai. Sa musu hannu ka tafi sito ka yi ta ƙirga kusoshi cikin ɗumi. Ni da za a ba ni sito, wallahi sai in rubuta cewa ko sunana ban sani ba.”

Sannan ya rage murya ya ce, “Amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Ina zarenka? Shekara ashirin muna tare, zarenka bai taɓa ɓata ba.”

Dole in yi bayanin zaren, domin wanda zai karanta wannan bayan raina. A zamanin da ban san lamba ba, na ƙirƙiro hanyata. Kafin in cire kowane dami, sai in ɗaura masa zaren ulu daga kwandon saƙar matata Ijja, in ɗaura irinsa a bakin gurbinsa: ja da ƙulli ɗaya, ja da ƙulli biyu, shuɗi da ƙulli ɗaya, haka har launi bakwai. Doka ta hana shiga da ulu ƙasa domin yana cin wuta. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai, saboda wayar da Amzil ya mayar ba ta komawa gurbin wata. Injiniyoyi masu digiri uku sun sha kirana in warware musu abin da takardunsu suka cuɗe.

Na ce wa Amandio na bi lamba, kamar yadda doka ta ce. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ci gaba da cin kifinsa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ijja ta ji labari daga matar Amandio a kasuwa. Ta shigo ta dire kwando, ko mayafi ba ta cire ba.

“Lahsen, shekara talatin kana yi musu wannan ɗan zanen naka a ƙasan takarda, me ya ci ka? Yau da ka san baƙi shi ne za ka tayar mana da hankali?”

Na ce a da ban san abin da nake sa wa hannu ba, saboda haka ba a kaina yake ba. Yanzu na sani.

“To sai a mayar da kai jahili mu huta! Wa zai ga takardar? Cikin aljihun tebur za ta ruɓe.”

Na ce ni na gan ta.

Ta ce, “Allah ya shirye ka, Alƙali.” Ta zuba mini shayi ba ta ɗaga butar sama ba, babu kumfa ko kaɗan. Na sha haka nan. Mace ce mai hankali, amma ba ta zauna a benci tana shekara hamsin da bakwai ana riƙe mata yatsa ana nuna mata yadda ake zagaye harafi ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Lambobin damin biyun da aka ce na rikita su ne 208 da 735. Ko makaho ba zai rikita su ba. Babu alƙalami ɗaya da suka yi tarayya a kai. Na rubuta su sau ashirin a bayan wannan shafi, babu kuskure ko ɗaya.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Dakta Ottavia ta tare ni a ɗakin cin abinci ina riƙe da tire. Ta rame. Rigar sanyin da ke jikinta ita ce na gani ranar Litinin.

Ta ce, “Musye Amzil, ba zarginka nake ba. Shekara shida na yi a kan wannan lissafi. Wata mai zuwa ya kamata in tsaya gaban mutum ɗari biyar in ce mun gan ta. Ina so in sani kafin in buɗe baki. Ranar da ka mayar da wayoyin, akwai abin da ya ba ka mamaki?”

Na ce, “Dakta, na bi lamba. Kuma na karanta ta daidai.”

Ta ce, “Ban tambaye ka karatu ba.”

Na ce miyata tana hucewa.

Abin da na faɗa mata gaskiya ne. Ban yi ƙarya ba. Ba kowace tambaya ake amsawa a tsaye da tire a hannu ba. Ita kaɗai ce a cikinsu take ce mini Musye tun kafin in nema.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, hutun rana

Musye Vuillet ya aiko da sabuwar takarda. An sauya “rashin iya karatu” zuwa “ƙarancin iya karatu”. Na mayar masa. Ban sa hannu ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan masallaci

Dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsun Jura. Ijja tana warware tsohuwar rigar sanyi domin ta sake saƙa ta, ta tambaye ni ko ina son zare ja na aikin da za mu yi idan an kashe zoben bana. Na ce ba na so. Ta ce wancan ma da na dawo da shi cikin aljihu a Fabrairu, a yanke gutsi-gutsi, asara ce kawai. Na ce mata mutum yana rubutu, ba a yi masa surutu.

Ban ƙara layi ko ɗaya ba bayan haka.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Bayan aji na tsaya na gaya wa Madam Chappuis abin da ake ciki, ban da abin da bai shafe ta ba. Ta cire tabarau, fuskarta ta yi ja.

Ta ce, “Ba ka iya karatu ba? To ni me nake yi a nan kowace Asabar? Musye Amzil, ina koren littafinka na farkon shekara? Ba na sa ku kwafe abu biyar da kuka karanta kowace rana ba? Kai kullum lambobin wurin aiki kake kawo mini, har na gaji da su.”

Na dawo gida da sauri irin wanda bai dace da shekaruna ba. Littafin yana saman kabad. Shafin ranar goma sha uku ga Fabrairu yana nan, kuma a gefensa ga jan biron Madam da kwanan wata da sa hannunta.

Layi bakwai ne a shafin. Biyar na sama su ne hujjata: lambar kowane dami da lambar gurbin da na sa shi, kamar yadda aka manna su daga ofis. Duk wanda ya gwada su da babban zanen injiniyoyi zai ga cewa takardun lambar ne aka manna a inda bai dace ba, ni kuwa na karanta su daidai.

Ba zan yi maganar layi biyu na ƙasa ba yau.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, hantsi

Na mayar da littafin saman kabad. Na sake sauko da shi.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na nuna wa Amandio shafin a cikin motarsa, a filin ajiye motoci. Ya karanta biyar na sama ya bugi sitiyari.

“Ka kashe Vuillet, Farfesa! Wallahi ka kashe shi! Ofis ne suka manna su a juye!”

Sai ya kai ƙasa. Ya karanta a bayyane, a hankali, kamar shi ne sabon ɗalibi: “Zare ya ce a'a, takarda ta ce i. Na yanke zaren, domin yanzu ni mai karatu ne.”

Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “Ka gani, tun ranar?”

Na ce na gani.

“Kuma ba ka gaya wa kowa ba? Ko ni da nake bayanka da taku uku?”

Na ce da na faɗa, da sai in ce zaren jahili ya fi takardar ofis gaskiya, a watan da na fara karanta takardar ofis da kaina.

Ya shafa fuska da hannu biyu. “Kai, tsoho, kai! To ji nan. Kawo reza. Layi biyu ne a ƙasa, a yanke su, a ce yaro ne ya yaga. Wa zai sani? Ka kai musu biyar ɗin, Vuillet ya sha kunya, kai ka riƙe katinka. In ka kai duka bakwai, ka ba su wuƙa da hannunka: ulu a ƙasa, ga kuma shiru wata tara. Ko ƙungiyar ma'aikata ba za ta iya cetonka ba.”

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunanina ne ya kawo mu nan.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan magariba

Rezar tana kan tebur. Amandio ne ya saka mini ita a aljihu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Na auna da rula. Santimita huɗu ne daga ƙasa. Yankan ba zai taɓa kwanan wata da sa hannun Madam ba.

Shafin nan na koren littafi shi ne shafi na farko a rayuwata da na rubuta abin da ba kwafe ba ne. Layi biyar na sama, idona ne ya ɗauko su daga bango. Biyun ƙasa daga cikina suka fito, babu wanda ya sa ni. Na tuna Madam ta ja layi a ƙarƙashinsu ta ce, “Ka fara rubutu ke nan,” ko da yake ba ta fahimci abin da suke nufi ba.

Wani mutum yana so in sa hannu cewa ban iya karatu ba. Wani kuma, don ƙauna, yana so in yanke shaidar cewa na iya rubutu.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, hutun rana

Takarda ta uku. Ban sa hannu ba. Musye Vuillet ya ce, “Kai dai ka cika taurin kai, Lahsen.” Na ce, “Musye Amzil.”

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

An kashe zoben ƙarfe shida. Sai an jira kwana biyu kafin a ba da izinin sauka.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Mai gadin lif ya gaya wa Amandio cewa Musye Vuillet ya sauka da sassafe shi kaɗai, duba lafiyar wuri, da 'yar jaka a hannu. Minti arba'in ya yi. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan, domin ban gani da idona ba, kuma ni ba na rubuta abin da ban gani ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Mun sauka mu shida: Dakta Ottavia, injiniyoyi biyu, Musye Vuillet, Amandio da ni. Na sa hular kwanona da takalmin aiki da na goge tun jiya.

Ido yana nan kamar yadda na bar shi. Duk lokacin da na tsaya a gindinsa sai in ji abin da nake ji a masallaci kafin mutane su taru.

Muka hau tsani zuwa sashe na tara. Injiniya ya bi damin da fitila daga tushe har gurbi, ya sake bi, sannan ya juyo ya gyaɗa kai. Biyun sun sauya gurbi.

Takardun lambar da ke jikinsu daidai suke da babban zane, wato kamar ni ne na karanta ba daidai ba na sa kowanne a gurbin ɗan'uwansa. Farare ne fat. Duk sauran takardun layin sun yi ruwan ƙasa saboda zafin wata tara. Amandio ya ce da ƙarfi, “Ikon Allah, waɗannan biyun ba sa tsufa.” Musye Vuillet ya ce a bar wasa a wurin aiki.

Dakta Ottavia ta zauna a kan matakalar ƙarfe ta cire hula, abin da doka ta hana. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa injiniyan, “Gobe zan gyara taswirar wayoyin a kwamfuta in sake lissafin. Amma na riga na san abin da zan gani.”

Na so in ce mata wani abu. Kalmomin da na sani a rubuce sun fi ɗari tara, ban sami ko ɗaya ba.

Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna. Na mayar wa Amandio rezarsa a lif. Ya ce, “Ka yi?” Na ce ya riƙe kayansa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na sa kwat ɗin da na sa ranar auren 'yata. Ijja ta goge shi, a bakin ƙofa kuma ta gyara mini wuya ta ce, “In za ka yi, to kada muryarka ta yi rawa.”

Mutum bakwai ne a teburin, har da wakilin ƙungiyar ma'aikata. Musye Vuillet ya yi magana mai tsawo cikin tausayi. Ya ce ni ma'aikaci ne nagari, amma zamani ya wuce ni, kuma ba laifina ba ne da ban sami makaranta ba.

Shugabar kwamitin ta tambaya ko ina da abin faɗa, ko kuwa wakilina zai yi magana a madadina. Na ce zan karanta.

Na miƙe. Na buɗe koren littafin. Na karanta kwanan wata, na nuna musu jan biron Madam Chappuis, na karanta layi biyar. Injiniya ya jawo babban zanen yana bi da yatsa, a layi na uku ya ɗago ya dubi Musye Vuillet. Wakilin ƙungiya ya taɓa hannuna ya raɗa mini, “Ya isa, zauna, ka ci.”

Ban zauna ba. Na karanta na shida da na bakwai. Muryata ba ta yi rawa ba.

Shugabar ta ce, “Wane zare?” Na yi musu bayani, launi bakwai da ƙulle-ƙullensu, shekara talatin. Biyu daga cikin waɗanda ke teburin sun sha amfana da zaren nan. Ɗaya ya duƙufa yana duba farcensa.

Dakta Ottavia ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce, “Na sake lissafin da safe. Tudun ya kwanta.” Sannan ta juyo gare ni. “Wata tara, Musye Amzil. Ɗalibaina biyu sun gina digirinsu a kansa. Kuma na tambaye ka. Na tsaya a gabanka na tambaye ka.”

Na ce, “Kin tambaye ni, Dakta. Na ɓoye miki. Wannan laifina ne, kuma idan aka rubuta shi haka zan sa hannu yanzu. Amma ba zan sa hannu a kan laifin da ba nawa ba don a yafe mini nawa.”

Ta tattara takardunta ta fita. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, domin ba a roƙon irin wannan a gaban mutum bakwai.

Asabar, 30 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je aji. Darasin yau rubuta wasiƙar neman aiki. Madam ta ce dace ne kawai.

Lahadi, 1 ga Disamba, la'asar

Amandio ya zo da matarsa, Ijja ta yi tajin, dafaffen nama irin na ƙasarmu, da zaitun. Ya ce an ce ana binciken maganar takardun lamba, amma babu wanda ya san inda za ta tsaya, kuma Musye Vuillet yana nan a ofishinsa. Ya ce, “Kai ne mutum na farko da na gani ya ci shari'a sannan ya roƙi alƙali ya ɗaure shi.” Ijja ta ce, “Bar shi, ai karatu ne.” Suka yi ta dariya. Na bar su, domin ba kowa ne yake gane babban al'amari a ranar da ya faru ba.

Wasiƙar sallama daga kamfani ta iso tun jiya. Gobe zan mayar da katin.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je ƙofar shiga ƙarfe takwas, lokacin da layi ya fi tsawo. Na ciro katin daga wuyana na ajiye a kan kanta. Ma'aikaciyar ta turo mini takarda ta ce, “Sa hannu a ƙasa, Musye, ba wani abu ba ne.”

Na ɗauko tabarau.

Wani ɗalibi a bayana ya yi tsaki. Wani ya ce akwai mutane masu aiki a nan. Ban juya ba. Shafi ɗaya da rabi ne, na bi shi layi-layi da yatsa. An rubuta sunana daidai. An rubuta cewa an karɓi katin ne saboda ma'aikacin ya shiga da abin da aka hana, kuma ya ga saɓani tsakanin alamarsa da lambar da ya karanta bai sanar ba.

Lambar da ya karanta. Na koma kan wannan wurin sau biyu.

Ma'aikaciyar ta ce, “Akwai matsala ne?”

Na ce, “Babu. Duk abin da ke ciki gaskiya ne.”

Na karɓi biro. Ban yi tsohon zanen nan ba. Na rubuta Lahsen ɗan Bihi Amzil, harafi bayan harafi, har ya wuce layin da suka tanada ya shiga gefen takardar. Layin mutane ya jira ni har na gama.